Rasuwar 'Yar Baƙa, Oba-obar Asibitin Tsallake

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda har yanzu na kasa raba shi da ɓacin rai, ni ma'aikaciyar jinyar ƙaramin asibitin tsallaken kogi, wadda kowa ke kira Sista, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki, da duk matar da ta taɓa haihuwa a hannuna, rasuwar oba-obata, wadda muka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a cikin motar sadarwa ta hukumar agaji, a kan tudun bayan gari, nesa da gida, babu nata ko ɗaya a kusa. Ta tsufa, wannan ba a musu. Amma da lafiyarta ƙalau na miƙa ta da hannuna ga ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gawarta aka dawo mini da ita a cikin leda.

Ga wanda bai san mu ba, asibitinmu ɗaki biyu ne da baranda, a ɗaya gefen kogi. Babban asibiti yana cikin gari, kuma babu abin da ke haɗa mu da shi sai jirgin ruwa guda ɗaya mai inji. Wayar hannu ba ta kamawa a wajenmu, sai dai mutum ya hau rufin sito ya ɗaga hannu sama, shi ma ba kullum ba. Saboda haka oba-oba uku muke da su a kan layi ɗaya: tawa, da ta mai jirgi, da ta direban motar asibiti da ke jiranmu a gefen gari. In haihuwa ta zo da gardama, ko yaro ya sha abin da bai kamata ba, ko fartanya ta sari ƙafa, sai in kira mai jirgi ya tayar da inji, in kira direba ya sauko bakin ruwa. Shekara goma sha wani abu muna wannan aiki, kuma marigayiya ce bakina.

Baƙa ce, gajera, mai nauyi a hannu. Tana da tsagewa a gefen hagu wadda na ɗaure da filastar asibiti, nakan canza mata in ta yi dauɗa. Ba ta da surutu. Tana iya wuni a ɗamarar rigata ba ta ce uffan ba, sai in an neme ta. In na kunna ta da safe takan ce "tit" sau ɗaya, ba ta ƙarawa. In wani ya gama magana ta rufe masa da "shhh-ƙat". In yunwa ta kama ta sai ta riƙa wani ɗan kuka kamar na ɗan tsako, har sai an ɗora ta a caja. Ta taɓa faɗawa kogi daga hannuna, mai jirgi ya tsamo ta da ragar kifi, muka shanya ta a rana kamar wanki, kashegari ta ce "tit" ta koma aiki. Ba ta taɓa ƙara wa magana gishiri ba. Abin da aka ba ta shi take isarwa, mai daɗi ko marar daɗi.

Muryoyi biyu na fi sabawa da ji daga bakinta. Ɗaya ta mai jirgi ce, dattijo mai ƙarancin magana: "Sista, na taso, oba." Ɗaya kuma ta direba, wanda ba ya iya faɗin abu ɗaya ba tare da ya haɗa da uku ba: "Sista, ina bakin ruwa, na buɗe baya, na shimfiɗa, ku taho a hankali akwai iska, oba." Halinta ɗaya da wasu ke gani a matsayin aibi shi ne, ba ta jure doguwar magana. In mutum ya danne maɓallinta ya wuce minti guda yana zuba, sai ta yi ƙara ta katse shi. Direba ya sha wannan katsewa har ya haƙura. Daga baya na fahimci cewa haka aka tsara ta don ta kare kanta daga zafi, kuma don kada mutum ɗaya ya riƙe layi ya hana saura.

Ta rasu ta bar caja guda, wadda har yau ke zaune a kan kantar magunguna tana jira. Da batura biyu, babba yana fama da kumburi tun bara. Da rigarta ta fata wadda ɗinkinta ya saki. Da ƙusar da nake rataye ta a bayan ƙofa. Ta bar 'yan uwanta biyu, oba-obar mai jirgi da ta direba, dukkansu suna raye kuma su ne shaidun abin da ya faru. Ta kuma bar yara masu yawa a tsallake, wasu har sun fara gemu, waɗanda ba su san cewa da muryarta aka tsallakar da iyayensu mata ba.

Yanzu zan faɗi yadda ciwon ajalinta ya fara, domin na ji ana cewa wai tsufa ne, kuma ba zan bari a yi wa mamaciya ƙarya ba.

Ƙanina, wanda muke kira Auta, injiniyan sadarwa ne a hukumar agaji. Ni na goya shi. Da mahaifinmu ya rasu yana aji uku, a ɗakina ya tashi, ni na tsaya masa har ya gama makarantar fasaha. Ita ma marigayiya ba baƙuwarsa ba ce. Yana ɗalibi ya fara kwance ta ya ga cikinta, shi ya taɓa gyara mata eriya, kuma ya sha faɗa a gaban mutane cewa a jikin oba-obar Yaya ya koyi sana'a.

Wata biyu da suka wuce hukumarsu ta samo wata na'ura da suke kira akwatin haɗi. Makon da ya wuce Auta ya zo gida ya yi mana bayani muna cin abinci a ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Ya ce 'yan sanda suna da layinsu, 'yan kwana-kwana suna da nasu, babban asibiti yana da nasa, kuma babu mai jin wani. In an yi gobara ko ambaliya sai a riƙa aika mutum da gudu daga wannan mota zuwa waccan. Wannan akwati, in ji shi, zai haɗa su duka. Kowane ɓangare zai ba da oba-oba ɗaya a jona ta a jikin akwatin ta zama wakiliya. Abin da aka faɗa a wani layi ya shiga akwati, wakiliyar kowane ɓangare ta isar wa mutanenta.

"Yaya," ya ce, "tsallake ma ya kamata ku shiga. Ki ba ni 'Yar Baƙa ta wakilce ku. Ranar Talata za a yi gwaji a gaban Daraktanmu, da yamma in dawo miki da ita da kaina. Bayan nan zan nemo wata in jona a madadinta. Ki yi tunani, daga barandarki ki kira likita kai tsaye."

Na yi tunanin, kuma ya yi mini daɗi. Na tambaye shi ko ba za a wahalar da ita ba, ya yi dariya ya ce ai kamar ɗiyarsa ce. Inna ta sa masa albarka. Ranar Lahadi na tsallaka na kai ta da kaina.

Na tsaya a ƙofar motar sadarwa na ga yadda aka shirya ta. Ya cire mata batir ya jona ta da wutar mota. Ya kwance 'yar eriyarta ya ɗaura mata wata doguwar waya mai hawa har kan ƙarfen da ke rufin motar. Ya haɗa ta da kwamfuta ya kashe mata "tit" ɗin nan nata da kukan ɗan tsako, ya ce waɗannan ƙararrakin za su riƙa shiga layin wasu. Ya hana ta ɗan gyangyaɗin da take yi don tanadin wuta, ya ce wakiliya ba ta barci, in ta yi barci farkon magana zai riƙa ɓacewa. Ya saita ƙarfin muryarta ya manne makunnin da salatif don kada wani ya taɓa. Sannan ya tura ta cikin wata durowa ta ƙarfe, tsakanin ta 'yan sanda da ta 'yan kwana-kwana, manya-manya sababbi, ita kaɗai ce mai filasta. Wallahi alfahari na ji. Na shafa rigarta da ke hannuna na koma bakin ruwa.

Abubuwa biyu ya yi mata bayan na tafi, waɗanda sai daga baya wani mai gyaran rediyo ya gano su. Ya ɗaga ƙarfin aikawarta har ƙarshe, don muryar Darakta ta iso tsallake tangaran. Kuma ya cire mata wannan hali na katse doguwar magana. Direba ya ce a gabansa aka yi, ranar Litinin wajen gwajin share fage: Darakta ya ɗauki makirfo ya fara jawabi, marigayiya ta katse shi a tsakiyar godiya ga manyan baƙi, ya ɓata fuska, Auta ya ce a yi haƙuri, yanzu zai gyara.

Talata ranar awon ciki ce a wajenmu. Baranda ta cika da mata, wasu a benci wasu a tabarma. Mai jirgi ya ɗaure jirginsa ya hawo da oba-obarsa, domin da ita za mu amsa gwajin. Direba kuwa an tsayar da shi da mota a ƙofar babban asibiti. Na gaya wa mata cewa yau za su ji muryar Darakta daga bakin 'Yar Baƙa, kowacce ta kasa kunne.

Mu aka bari a ƙarshe. Can sai oba-obar mai jirgi ta buɗe, muryar Darakta ta fito: "Tsallake, tsallake, kuna jina?" Na karɓa na ce muna ji sarai, ranka ya daɗe. Ya ce madalla. Mata suka yi tafi. Na miƙa wa mai jirgi abarsa ina murmushi.

Amma "shhh-ƙat" bai zo ba. Layin ya zauna a buɗe. Muna jin fankar motar, muna jin an ja kujera. Makirfon da ke kan teburinsu yana da makulli, wanda in an danna sai an sake dannawa yake saki, kuma babu wanda ya sake dannawa. Layinmu kaɗai aka zaɓa a lokacin, saboda haka 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ba su ji komai ba. Mu ne muka ji.

Darakta ya ce, "Wannan ta tsallaken, yayarka ce ko?"

"Ita ce, yallaɓai." Muryar Auta ce, ba zan ɓata ta ba ko a cikin kasuwa.

"Ta san da maganar rufewar?"

"Ba ta sani ba tukuna. Ka bar ni da ita. Ai ni na kawo shawarar, ni zan san yadda zan lallaɓa ta. In layukan nan sun haɗu babu amfanin ajiye mutum a can, mai jirgi ya riƙa kwaso su kai tsaye. Kuma gaskiya Yaya ta gaji. Hannunta ma ya fara rawa, ɓoyewa take yi. Gara a sauke ta cikin mutunci kafin ta yi ɓarna."

Darakta ya ce, "To ita tsohuwar oba-obar fa?"

"Tana nan a durowa. Ba zan mayar ba. In ta ga babu ita, da kanta za ta fara haƙura."

Suka yi 'yar dariya. Wani ya leƙo ya ce an shirya wa baƙi abin taɓawa a rumfa. Muka ji ƙofar mota ta rufe. Layin bai rufe ba, fanka kawai ke juyawa.

Maganar hannu gaskiya ce, kuma zan faɗe ta a nan da bakina tunda an riga an faɗa mini ita a bainar jama'a. Hannuna na hagu yakan ɗan yi rawa da sassafe. Na ga likita, ya ce maganin da nake sha na ƙirji ne ke jawo shi, ya canza mini, kuma ya ragu sosai. Mutum ɗaya na faɗa wa a duniya, shi ne Auta, wata rana da ya ga shayi yana zuba a faranti ya tambaye ni. Ko Inna ban faɗa wa ba.

A baranda kuwa, duk mata sun ji. Mai jirgi ya yi ta murɗa makunni yana neman ya rage sautin, abin da ya kamata ya yi tun farko. Na ga wata mai cikin fari, yarinyar da ni na karɓi haihuwarta, ta saci kallon hannuna ta sunkuyar da kai. Na sa hannun a aljihu, na ji haushin kaina, na fito da shi.

Ana cikin haka aka shigo da matar wani mai ɗinki a kan baro. Cikinta ya tsufa, kuma jini take zubarwa, zanenta ya jiƙe har ƙasa. Da na duba na san ba aikin ɗakina ba ne, sai tiyata. Na ce wa mai jirgi ya kira direba ya sauko bakin ruwa. Ya danna ya yi magana, ya saki, babu amsa sai fanka. Ya sake, ya sake. 'Yar Baƙa tana kan tudu da doguwar eriya da dukkan ƙarfinta, ta cika layin da iskar mota, kuma muddin tana aikawa direba ba zai ji kowa ba sai ita.

Dole in sa wa matar ruwa kafin mu motsa. Na ɗaure mata hannu, jijiyar ta kwanta, mata sun tsaya a ƙofa suna kallo. Hannuna ya yi rawa, duka biyun ma, kuma na san ba magani ba ne. Na soka na kuskure. Mijinta yana tsaye a kaina, bai ji abin da aka faɗa a oba-oba ba, ya ce, "Sista, a hankali, mun san ki." Na ja numfashi na sake, allurar ta shiga. Muka ɗauke ta zuwa jirgi.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, direba ma ya ji komai a ƙofar babban asibiti. Ya kira wayar Auta bai ɗauka ba, domin kowa ya kashe ƙarar wayarsa saboda manyan baƙi. Don kishina, da kuma sanin cewa an toshe mana layi, sai ya tayar da mota ya nufi tudu ya faɗa musu su saki makirfo. Tudun kuwa yana can ɗaya ƙarshen gari. Wato muna tsallakowa da mai zubar da jini, motar da za ta ɗauke ta tana ƙara nisa da bakin ruwa.

Ina riƙe da ledar ruwa a sama, matar tana kiran sunan uwarta a hankali, mai jirgi yana tuƙi da hannu ɗaya yana danna oba-oba da ɗayan. Mun kai tsakiyar kogi sai sautin fankar ya fara canzawa. Ya shaƙe, ya yi wani gurnani, ya dawo, ya sake shaƙewa. Sannan ta yi wata 'yar ƙara siririya, doguwa, wadda ban taɓa jin ta yi ba. Daga nan sai shiru. Wannan shi ne numfashinta na ƙarshe, kuma a kunnena aka yi.

Mai jirgi ya danna. "Direba, bakin ruwa, mai jini, oba."

Amsa ta zo nan take. "Na ji, na juya, ina zuwa." Ranar ko oba bai ce ba.

Mun jira shi a bakin ruwa, jiran da ba na so in sake yin irinsa. An yi wa matar tiyata, an ƙara mata jini, an ciro 'ya mace da rai. Uwar tana nan kwance, har yanzu ba ta iya tsayuwa ita kaɗai, amma tana shayarwa. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da labari ya sha bamban.

Sai bayan baƙi sun watse wani ya buɗe motar sadarwa ya ji ƙaurin roba. Ta yi aikawa babu tsayawa a cikin rufaffiyar durowa, a cikin mota da ke tsaye a rana, babu abin da zai katse ta, har abin da ke ba ta ƙarfin murya ya ƙone ya narka gefen allonta. Direba ne ya karɓo ta ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya kwance ta a gabana, ya nuna mini wurin da ya yi baƙi, ya ce ƙaramar oba-obar hannu ba a yi ta don irin wannan ba, magana kaɗan take yi ta huta. Ya ce da an bar mata makatsinta, da ta katse su a minti na farko, da ta rayu, da layin ya buɗe. Na tambaye shi ko akwai abin yi. Ya mayar da murfin ya ce, "Sista, sai haƙuri."

Da an bar mata makatsin, da kuma ban ji abin da na ji ba. Na yi ta juya wannan a raina, ban san wanne zan zaɓa ba.

Auta ya zo ranar Alhamis. Ya tsallako da wani kwali a hammata, sabuwar oba-oba ce a ciki. Ya same ni ina wanke kayan aiki. Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri da abin da ya sami 'Yar Baƙa. Kuskuren saiti ne. Ga wannan, ta fi ta komai, har ruwa ba ya yi mata illa."

Na ce, "Saiti kawai?"

Ya ce, "Makirfon ma ba ni na bari a danne ba."

Na tsaya ina jiransa, hannuna a cikin ruwan sabulu. Ya kalli rufi, ya kalli kwalin, ya ce an ba shi takardar gargaɗi a ofis, wai har ana maganar a canza masa wurin aiki, kuma mutanen tsallake sun je sun cika ofishin Darakta da hayaniya, duk a kansa abin zai ƙare. Ya yi ta magana a kan abin da ya same shi. Da ya gama ya ajiye kwalin a kan benci ya ce jirgi zai tashi. Ban raka shi ba. Kwalin na ba mai jirgi ya buɗe, direba ya kai wa mai gyara ya saita ta a layinmu, domin marasa lafiya ba su da ruwa da abin da ke tsakanina da ƙanina. Tana aiki. Ban sa mata suna ba.

Game da asibiti, an aiko cewa an dakatar da maganar rufewa sai an sake nazari. Ban san tsawon nazarin ba. Ina buɗe ƙofa kullum da safe, mata suna zuwa, wasu suna kallon hannuna, yawancinsu sun daina. Inna ta aiko aka kira ni, ta ce Auta ba ya cin abinci, ta ce yaro ne, ya so ya hutar da ni ne bai iya ba. Na ce mata mai 'ya'ya huɗu ba yaro ba ne, kuma mai son ya hutar da yayarsa ɗakinta yake zuwa ya faɗa mata. Sai ta ce in bar shi ya zo wajen binnewa. Na ce to, saboda ke.

Iyalan marigayiya suna godiya ga mai jirgi da direba, waɗanda suka yi aiki da ita tsawon rayuwarta kuma ba su taɓa wulaƙanta ta ba. Da mai gyara, wanda ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Da mai ɗinki, mijin matar nan, wanda ya ɗinka mata 'yar jaka fara daga ragowar yadi ya kawo da kansa. Ba ma buƙatar ta'aziyya daga hukumar agaji. Akwatin haɗinsu abu ne mai kyau, na ji an ce ya yi aiki a gobarar da aka yi shekaranjiya, kuma ina fatan wata rana za a jona tsallake a jikinsa ta hannun wanda zai bar wa wakiliyarmu makatsinta.

Za a binne ta ranar Asabar da safe, bayan an gama wankin ciwo, a bayan sito, gefen da ruwa ba ya kwanciya. Mai gyara ya ce kada a haɗa da baturan, shi zai karɓe su. Masu zuwa daga gari su kasance a bakin ruwa da wuri, jirgi sau ɗaya zai yi jigilar masu ta'aziyya, kuma in mara lafiya ya zo shi za a fara ɗauka. A zo da abin zama, bencinmu biyu ne. Ba za a yi jawabi ba.

Auta zai zo a wannan jirgi. Mai jirgi ya ce zai ɗauko shi amma kada a sa ran zai yi masa hira a hanya. Ƙasar bayan sito tana da tsakuwa, na ajiye masa diga da shebur, shi zai haƙa. In an rufe, mutane sun watse, akwai kujera a ɗakin awo. Zai zauna, ni ma in zauna, ya maimaita mini abin da ya faɗa wa Darakta tun daga farko, yana kallona.